Suna da Aikatau a Zanen Jikin Mutum: Tarken Darussan Walt Stanchfield ga Ɗaliban Zane Mai Motsi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2009 aka buga wani littafi mai juzu'i biyu a Amurka mai suna Drawn to Life. Littafin ya tattara darussan da Walt Stanchfield (1919–2000) ya yi kimanin shekara 20 yana bai wa masu zane a kamfanin Disney, kuma Don Hahn, wanda ya shirya fim ɗin The Lion King (1994), shi ne ya tace shi. Abin da darussan suka sa gaba shi ne koyar da zanen jikin mutum ga masu aikin zane mai motsi, wato abin da jama'a suka fi sani da katun. Irin zanen da ake magana a kai shi ne na ido-da-ido, inda wani mutum zai tsaya a tsakiyar aji, ko ya zauna, ko ya riƙe wani yanayi na ɗan lokaci, ɗalibai kuma su zana shi. A wannan maƙala za a riƙa kiran wannan mutum da sunan mai tsayuwa.

Dalilin kawo irin wannan littafi gaban masana harshe shi ne, Stanchfield ya ɗora koyarwarsa a kan aro daga nahawu. Ya sha nanata wa ɗalibansa cewa aikatau ake so su zana, su daina tsayawa a kan suna. Tun da daga gonar masana harshe aka ari wannan ma'auni, suna da damar duba ko ya yi daidai da abin da aka auna da shi. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa aron ya warware babbar matsalar da aka yi shi dominta, amma ya bar wani giɓi, domin ya ɗauka cewa jikin ɗan Adam harshe ɗaya yake yi a ko'ina.

2.0 Matsalar da ta Haifi Ajin Zane

Fim yana gudana ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Mai zanen hannu yakan cike wannan daƙiƙa da zane 24, ko kuma 12 idan za a ɗauki kowane sau biyu. Mai kallo ba ya samun sararin tsayawa a kan zane ɗaya. Canjin da ke tsakanin zane da zane shi ne yake isa idonsa. Ke nan kyan zane ɗaya tilo bai cika amfanar mai wannan sana'a ba, sai fa idan zanen ya nuna inda jiki ya fito da inda ya dosa.

Muddin dabbobin ban dariya ake zanawa, matsalar ba ta fitowa fili. Idan hannun ɓera ya lanƙwashe kamar tiyo, mai kallo dariya zai yi ya wuce. Jikin mutum kuwa kowa gwani ne wajen kallonsa, domin tun yana goye yake lura da yadda mutane suke tafiya da zama da miƙewa. Da zarar gwiwa ta karye inda babu gaɓa, ko ƙafa ta taka ƙasa ba tare da ta ɗauki nauyi ba, ido zai ƙi yarda, ko da mai idon bai iya faɗin abin da ya ɓaci ba.

Ma'aikatan Disney sun farga da wannan tun da wuri. A shekarar 1932 wani mai zane, Art Babbitt, ya fara tara abokan aikinsa a gidansa suna zanen ido-da-ido. Kafin shekarar ta ƙare Walt Disney ya mayar da ajin cikin ma'aikata, aka ɗauko Don Graham daga makarantar zane ta Chouinard ya zama malami. Gajeren fim ɗin The Goddess of Spring (1934) ya nuna cewa da sauran aiki, domin hannuwan jarumar sun riƙa lilo kamar babu ƙashi a cikinsu. A watan Disamba na 1935 Disney ya rubuta wa Graham doguwar takarda yana bayyana cewa abin da ake nema shi ne sanin haƙiƙanin motsi domin a iya zuzuta shi, ba a kwafe shi yadda yake ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta riga ta samu. Max Fleischer ya ƙirƙiro na'urar rotoskof, wadda ya nemi rajistarta a 1915, inda ake ɗaukar hoton mutum na gaske yana motsi, sa'annan a bi sawun hoton da fensir, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo aikin Snow White and the Seven Dwarfs (1937), an ɗauki hoton wata matashiya mai rawa, Marjorie Belcher, domin masu zane su riƙa dubawa. Inda suka yi nazarin hoton suka sake gina motsin da kansu, jarumar ta rayu. Yarima kuwa ya fito a sandare, har aka rage fitowarsa a fim ɗin. Haka nan a Gulliver's Travels (1939) na 'yan'uwan Fleischer, Gulliver da aka bi sawun hotonsa ya zama kamar baƙo a tsakiyar ƙananan mutanen da aka zana da ka. Frank Thomas da Ollie Johnston sun tattauna wannan a The Illusion of Life (1981). Kyamara tana ɗaukar komai da daraja ɗaya, ba ta zaɓe. Idan aka mayar da hotonta layi zalla, inuwa da laushin fata da ke nuna nauyi sukan ɓace, a bar iyakar jiki kawai tana shawagi.

Saboda haka ajin zane ya sami kansa tsakanin ramuka biyu: jikin da ba shi da ƙashi, da jikin da ba shi da rai. Darussan Stanchfield martani ne ga rami na biyu.

3.0 Marubucin da Zubin Littafin

Stanchfield ya fara sana'ar zane mai motsi a 1937 a ma'aikatar Charles Mintz, daga baya ya koma Disney, inda ya yi aiki a finafinai tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa The Great Mouse Detective (1986). A shekarun 1970, da tsofaffin gwanayen kamfanin suka fara ajiye aiki, shi da Eric Larson suka ɗauki nauyin horar da sababbin shiga. Daga cikin waɗanda suka amfana da horon akwai Glen Keane da Andreas Deja, waɗanda suka zama jigogi a finafinan kamfanin na shekarun 1990.

Asalin littafin 'yan takardu ne da yake rabawa bayan darasi. Yakan ɗauki zanen ɗalibi ya ajiye nasa gyaran a gefe, ya yi bayanin abin da ya canza da dalilin canzawar. Wannan zubi shi ne ƙarfin littafin. Mai karatu yana ganin kuskure da gyaransa kafaɗa da kafaɗa, gani kuwa ya kori ji. Sau da yawa zanen ɗalibin ya fi na malamin cikar kayan ado: ga gashi, ga maɓalli, ga igiyar takalmi. Na malamin layuka ne 'yan kaɗan, amma a cikinsu ake ganin cewa mutumin leƙe yake yi, ko ya gaji, ko yana jiran amsa.

Zubin yana da nasa illa. Takardun ba a rubuta su domin a karanta a jere ba, don haka maimaici ya yi yawa, kuma babu matakala daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Marubucin yakan ratse ya shiga zancen wasan tanis, ko nasihar ƙarfafa zuciya, kafin ya dawo kan layi. Idan aka kwatanta da The Natural Way to Draw (1941) na Kimon Nicolaïdes, wanda ya tsara aikin ɗalibi daki-daki bisa jadawali, za a ga cewa littafin Stanchfield ya fi kama da kundin fatawoyi, ba manhaja ba. Malamin da zai koyar da shi sai ya yi wa kansa tsari.

4.0 Aikatau a Kan Takarda

Nicolaïdes ya riga ya koyar da cewa a zana abin da jiki yake yi kafin a kula da kamarsa. Gudummawar Stanchfield ita ce ya ɗaure wannan ra'ayi da bukatar mai ba da labari, ya kuma ba shi suna mai sauƙin riƙewa. Ɗalibin da ke zanen suna yakan ce a ransa: ga kai, ga kafaɗa, ga hannu, ga gwiwa. Yana lissafa gaɓoɓi ne, kowace ya gama ta kafin ya wuce gaba. Mai zanen aikatau kuwa yakan ce: ya jingina, ya miƙa, ya murɗa, ya janye. Kalma ɗaya ta ratsa jikin tun daga diddige har zuwa yatsa, sai kowace gaɓa ta sami matsayinta daga wannan aiki.

Daga nan sauran dokokinsa suka tsiro. Idan mutum ya karkata, ɓangare ɗaya na jikinsa yakan miƙe, ɗayan ya takure. Sai a ja layi miƙaƙƙe a ɓangaren da ya miƙe, a tattare na ɗaya ɓangaren. Kusurwar kafaɗa da ta ƙugu kada su tafi a jere, domin saɓaninsu ne yake nuna ƙafar da ta ɗauki nauyi. Hannuwa biyu kada su zama tagwaye. Idan aka shafe cikin zanen da baƙi, ya kamata siffar waje kaɗai ta faɗi abin da ake yi. Duk waɗannan hidima suke yi wa aikatau ɗin da aka zaɓa.

Nahawun Hausa yana iya ƙara wa wannan bayani kaifi fiye da yadda marubucin ya yi. Rabe-raben suna da aikatau bai kama ainihin abin da ke faruwa a aji ba. Hausa tana da wata siffa ta uku da ake samowa daga aikatau domin nuna halin da abu ya tsaya a ciki, kamar a zaune, a tsaye, a sunkuye, a durƙushe. Newman (2000) ya yi bayaninta a nahawunsa. Mai tsayuwa a aji kullum a wannan siffa yake. Ya riga ya sunkuya tun kafin a fara zane, yanzu a sunkuye yake, kuma kowane minti da ya wuce tsokarsa tana saki, kafaɗarsa tana sauka. Ɗalibin da ya bi abin da idonsa ya gani, "a sunkuye" zai zana. Wanda fim yake bukata shi ne "ya sunkuya", ko "yana sunkuyawa", ko "zai sunkuya". Wato aikin ɗalibi shi ne ya mayar wa siffar da lokacinta da aka cire mata. Wannan ne ya sa Stanchfield ya fi son tsayuwa gajeriya, ya kuma dage a kan riƙe abin da ido ya fara kamawa, kafin jikin mai tsayuwa ya huce.

Har wa yau, tsarin aikatau na Hausa da Parsons (1960) ya kasa zuwa aji 7 yana nuna wani abu da mai zane yake fama da shi. Tsakanin miƙa da miƙo, ko jefa da jefo, ko fita da fito, bambancin alkibla ne, kuma a jikin kalmar yake. Hannun da ke a miƙe a kan takarda bai faɗi ko bayarwa ake yi ko karɓa ba, sai an duba inda ƙirji ya karkata da ƙafar da nauyi yake kai. Yawancin gyare-gyaren da ke cikin littafin, idan aka lura, gyaran alkibla ne. A wannan fage littafin ya cika alkawarinsa, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi.

5.0 Inda Aron ya Gaza

5.1 Aikatau ba ya Tsayawa Babu Aikau

Jumla ba ta ginuwa da aikatau kaɗai. Dole a sami aikau, shi kuwa a zane shi ne ƙashi da tsoka masu iyaka da nauyi. Stanchfield bai musanta muhimmancin ilmin ƙirar jiki ba, amma ya ajiye shi a baya, yana gargaɗin kada ya danne motsi. Wannan ya dace da mutanen da ke gabansa, domin ma'aikata ne da suka riga suka ƙware, waɗanda ciwonsu yawan sani ne. Da aka mayar da takardun littafi, suka faɗa hannun ɗaliban da ba su taɓa nazarin yadda allon kafaɗa yake zamewa a kan haƙarƙari ba. Irin wannan ɗalibi idan aka ce masa ya rabu da suna, murna zai yi, domin an ɗauke masa abin da da ma bai iya ba. Sakamakon shi ne komawa ramin 1934: layi mai kaɗawa, babu gaɓa. Littafin bai yi wa mai karatu wannan kashedi yadda ya kamata ba. Wajibi ne a haɗa shi da irin su Constructive Anatomy (1920) na George Bridgman, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.2 Karin Harshen Jiki

Rauni mafi girma shi ne ɗaukar motsin jiki a matsayin abin da duk duniya ta yi tarayya a kai. A darussan, gajiya da mamaki da ladabi da fushi kowanne yana da siffar da ake sa ran kowa zai gane. Amma wanda ya yi aro daga nahawu ya kamata ya karɓi abin da ke biye da aron: harsuna sun bambanta, kuma kowane yana da kare-karensa.

Marcel Mauss, a laccarsa ta 1934 a kan dabarun sarrafa jiki, ya nuna cewa tafiya da zama da iyo duk koyonsu ake yi, kuma kowace al'umma da irin nata. A 1941, shekarar da littafin Nicolaïdes ya fito, David Efron, ɗalibin Franz Boas, ya buga Gesture and Environment, inda ya kwatanta motsin hannun Yahudawan gabashin Turai da na mutanen kudancin Italiya mazauna birnin Niyok. Ya gano cewa na farkon sun fi motsa hannu daga gwiwar hannu, kusa da jiki, na biyun kuwa daga kafaɗa, a faɗaɗe. 'Ya'yansu da suka saje da Amurkawa kuma sun rabu da yawancin wannan bambanci. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin kayan aikin Efron zanen ido-da-ido ne, wanda mai zane Stuyvesant Van Veen ya yi masa a tituna. Ke nan fensir da kansa ya ba da shaidar cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ƙamus ɗin Hausa ya isa misali. Durƙusa da tsuguna da gurfana da rusuna da duƙa da sunkuya duk saukar da jiki ne, amma kowanne da inda nauyi yake sauka, da kuma abin da yake faɗi game da dangantakar mutane biyu. Mai tsugunawa gaban dattijo diddigensa a ƙasa yake, idonsa ma a ƙasa. Ɗalibin da ya koyi cewa kawar da ido alamar rashin gaskiya ce zai zana mai laifi a inda ake nufin mai ladabi. Haka tafiya: sassarfa da sanɗa da taƙama da rangwaɗa da tangaɗi da ɗingishi ba ɗaya ba ne. Amsa-kama kuma tana ƙara rarrabewa, domin wanda ya miƙe zumbur daban yake da wanda ya tashi tsam. Mai tallar da ta ɗora tire a kan gammo, wuyanta ba ya motsi, ƙugunta ne yake shanye girgizar tafiya. Mata masu lugude a turmi guda, kowace tana ɗaga taɓarya a lokacin da ta 'yar'uwarta take sauka. Waɗannan aikatau ne da ba za a same su a ajin da ke Kalifoniya ba, kuma littafin bai nuna wa mai karatu cewa akwai abin da ya rage masa ya nemo ba.

5.3 Sutura

Abin yabo ne cewa Stanchfield ya yawaita amfani da masu tsayuwa sanye da tufafi, riƙe da kayan aiki, domin mutanen cikin labari da sutura suke fitowa. Sai dai suturar tasu, taguwa da wando da kwat, tana bin gaɓoɓi, ta bar gwiwa da ƙugu a inda ido zai iya gano su. Dokar saɓanin kafaɗa da ƙugu ta dogara ne a kan ganin ƙugun. Babbar riga takan rufe jiki daga kafaɗa har ƙasan gwiwa. A nan sai a karanci nauyi daga gangarar kafaɗa, da inda bakin rigar ya fi kusa da ƙasa, da ɗan jinkirin da yadi yake yi kafin ya bi jiki idan an juya. Naɗe hannun riga a saɓa shi a kafaɗa shi kansa aikatau ne mai ma'ana, yana iya nuna shirin magana ko isa. Haka zane da mayafi da goyo suke canza siffar waje gaba ɗaya. Ƙa'idar marubucin tana nan daram, amma misalansa ba su kai nan ba.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba darussan Stanchfield ta fuskar aron da ya yi daga nahawu. An ga cewa aron ya yi maganin sandarewar da kwafar hoto take haifarwa, kuma siffar "a zaune" da "a tsaye" ta Hausa tana bayyana matsalar ajin zane fiye da rabon suna da aikatau. An kuma ga raunuka uku: sassauci ga ilmin ƙirar jiki, da ɗaukar motsi a matsayin harshe ɗaya, da ƙarancin nau'in sutura.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Sassan koyar da zane na jami'o'i irin su na Zariya da Nsukka sun daɗe suna koyar da zanen ido-da-ido, kuma a 2024 kamfanin Disney tare da Kugali suka fitar da Iwájú, labarin da aka gina a kan birnin Legas. Ko da kwamfuta ake aiki, mai motsa siffa sai ya yanke shawarar inda nauyi zai sauka. Ɗalibin da ya haddace misalan littafin ya tsaya a nan, zai fitar da mutane masu fuska da tufafin gida, amma zamansu da tashinsu na wasu ne, kamar jumlar da aka cika da kalmomin Hausa aka gina ta da nahawun Ingilishi. Wanda ya ɗauki ƙa'idar ya fita da ita kasuwa da tasha da zaure, shi ne ya fahimci malamin. Masana harsunan Nijeriya suna da rawar takawa a nan: tattara kalmomin zama da tafiya da gaisuwa na kowane harshe, tare da amsa-kamarsu, a haɗa kai da masu zane a ba kowace kalma siffarta. Irin wannan aiki zai amfani ajin zane, ya kuma amfani masu ƙamus, waɗanda sau da yawa sukan fassara rusuna da duƙa da sunkuya da kalma guda.